Sharhi kan wani ɗakin likitan haƙori a Zinder da yadda yake tunkarar ciwon dasashi mai cin ƙashin matasa

Ɗakin likitan haƙorin da wannan sharhi ya shafa mai zaman kansa ne, yana cikin wani gida da aka gyara aka mai da falonsa wurin jira, kuma ma'aikatansa uku ne: likita, da mataimakiyarsa, da wani saurayi mai rubuta sunaye da karɓar kuɗi. Na jima ina kai 'yar ƙanwata wurin, yarinya 'yar shekara 15 da ke zaune a hannuna saboda karatu, kuma na ga aikinsu tun daga gwajin farko har zuwa dubawar da ake yi bayan magani. Hukuncina shi ne, wajen gano ciwo da yi masa magani sun cancanci kuɗin da suke karɓa, amma wajen bibiyar mara lafiya bayan ya sauka daga kujera akwai sakaci, alhali ciwon da ya kai mu wurinsu yana dawowa ne da zarar an daina bibiyarsa.

Ciwon dasashin da yawancinmu muka sani na manya ne: datti ya taru ya daskare a gindin haƙora shekara da shekaru, dasashi ya kumbura, ya riƙa zubar da jini, sannu a hankali haƙora su fara girgiɗa lokacin da mutum ya manyanta. Wanda ake magana a kansa a nan daban yake. Yana kama yaro ko yarinya masu ƙoshin lafiya, galibi dab da balaga ko jim kaɗan bayanta, yana cin ƙashin muƙamuƙin da ke riƙe da saiwar haƙori cikin sauri, kuma yana da wuraren da ya fi so, wato haƙoran gaba da turame na farko, waɗanda ke fitowa tun yaro yana wajen shekara 6. Abin da ya sa yake yaudarar iyaye, har ma da wasu ma'aikatan lafiya, shi ne bakin yaron yana iya kasancewa tsaf, babu wani dattin kirki, dasashin ma ba ya nuna kumburi sosai, kuma a farko babu zafi. Aikinsa irin na gara ne a jikin dirkar rumfa, sama lafiya lau, amma abin da ke cikin ƙasa ya riga ya rube. A takardun likita za a ga an rubuta shi da Faransanci, parodontite agressive, sunan da masana suka ba shi a 1999, kodayake a wani babban taro da suka yi a Shikago a 2017 sun mayar da shi cikin jerin ciwon dasashi gaba ɗaya, suka sa shi a ajin C, ajin da ya fi saurin ɓarna.

A bakin yarinyarmu alamar farko ita ce tazarar da ta buɗe tsakanin haƙoranta biyu na gaba na sama. A gida an ɗauke ta wushirya, har ana yi mata barka da ƙarin kyau, ba tare da an tsaya an tambayi yadda wushirya za ta tsiro wa wadda ta girma ba ta da ita ba. Daga baya haƙori ɗaya ya ɗan turo gaba, ta fara kauce wa gatsar rake da dabino busasshe, kuma jini yana biyo aswakinta da asuba. A wani wuri da aka fara kai ta an wanke mata haƙoran, aka ce ta dage da goge baki, aka ƙara da cewa idan mai girgiɗar ya dame ta a zo a cire. Wannan amsar ce na zo da ita a raina lokacin da muka shiga ɗakin da nake sharhi a kansa, kuma da ita nake auna abin da suka yi.

Likitan bai taɓa na'urar wanke haƙora ba a ranar farko. Ya fara da tambayoyi: ko akwai wanda ya zubar da haƙora da ƙuruciya a dangin uwa ko na uba, ko yarinyar tana yawan kwanciya rashin lafiya, ko akwai mai ciwon suga a gida, ko haƙoranta na yarinta sun zube kafin lokacinsu. Sannan ya ɗauko wani siririn ƙarfe mai kai maras kaifi, wanda aka zana wa layukan milimita a jiki, ya nuna mata shi a tafin hannunsa kafin ya sa mata a baki, ya ce, "'Yata, wannan ba allura ba ce, ma'auni ne. Idan kin ji zafi ki ɗaga hannu, zan tsaya." Yana zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi, wuri shida a kowane haƙori, yana faɗin lamba, mataimakiyar tana cike wani jadawali. A yawancin haƙoran sai mu ji biyu, uku, biyu. Da ya iso turmin farko na ƙasa sai ƙarfen ya nutse, ya ce bakwai, jini ya biyo, ya koma ɗaya gefen bakin ya sake samun kusan haka a turmin da ke daura da shi. Ya juyo gare ni ya ce, "Malam, lafiyayyen dasashi ba ya wuce milimita 3. Abin da ya kai 7 rami ne, kuma ramin nan gurbin ƙashi ne da ya tafi." Wannan awon ya ɗauki lokaci, masu jira a waje suna ta leƙowa, amma bai gajarta shi ba, kuma a ganina shi ne aiki mafi daraja da aka yi mana a wurin, domin duk abin da ya biyo baya a kansa aka gina shi.

Suna da ƙaramar na'urar hoto da ke ɗaukar haƙori biyu ko uku a lokaci guda, kuma hoton yana fitowa nan take a kwamfuta. Babban hoton da ke nuna muƙamuƙi gaba ɗaya kuwa sai da aka ba mu takarda muka je wani wuri, wanda ƙarin kuɗin kabu-kabu ne da ƙarin jira, amma ba na ɗora musu laifi a kan wannan. Abin da na yaba shi ne likitan ya juyo da allon kwamfutar wajenmu, ya bi layin ƙashi da bakin alƙalami, ya nuna mana yadda yake tafiya daidai a gindin sauran haƙora, sannan ya zurma kamar baka a gefen turmin farko, dama da hagu kusan iri ɗaya. Yarinyar da kanta ta gani, kuma tun daga ranar ba a sake roƙonta ta sha magani ko ta zo asibiti ba.

Bayaninsa kan musabbabin ciwon ya sauke wa yarinyar wani nauyi, domin ta zo tana jin kunya, tana ɗauka ƙazanta ce ta jawo mata. Ya ce abu biyu ne ke haɗuwa, wata ƙwayar cuta da ke zama a ƙarƙashin dasashi, da kuma yanayin garkuwar jiki da ake gado, shi ya sa ciwon yake bin gida. Ƙwayar cutar da aka fi alaƙanta shi da ita sunanta Aggregatibacter actinomycetemcomitans, tana fitar da guba mai kashe fararen ƙwayoyin jinin da jiki ke turowa su yaƙe ta, kuma akwai wani reshe nata da ake kira JP2 wanda gubarsa ta fi yawa nesa ba kusa ba, an kuma fi samunsa a tsakanin mutanen Arewacin Afirka da Yammacinta da zuriyarsu. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Lancet a 2008 ya bibiyi 'yan makaranta a Maroko tsawon shekara biyu, ya gano cewa masu ɗauke da wannan reshe sun ninka sauran sau da yawa wajen haɗarin kamuwa. Wannan ya isa ya nuna cewa ciwon ya fi kusa da 'ya'yanmu fiye da 'ya'yan Turai, inda aka rubuta yawancin littattafan da likitocinmu suka karanta. Saboda haka ne ya nemi a kawo masa ƙannenta da yayyenta ya auna su, kuma ya rage kuɗin dubawar tasu. A cikinsu an samu ƙaninta ɗaya da ramin da ya fara zurfi a turmi guda, tun kafin wani haƙori ya motsa. Ya kuma tura ta gwajin suga da na ƙwayoyin jini kafin ya fara aiki, domin ciwon suga da wasu cututtukan jini suna iya ɓuya a bayan lalacewar dasashin yaro.

Maganin kansa kankara ce mai zurfi, ba wankin sama da aka saba ba. Ana kashe wurin da allura, a shiga cikin ramin da na'ura mai karkarwa da fesa ruwa, sannan a bi da ƙananan ƙarafa masu lanƙwasa a kankare jikin saiwar har ta yi santsi. Ya raba bakin kashi-kashi, ya kuma matso da ranakun kusa da juna domin kada ɓangaren da aka gama ya sake ɗaukar ƙwayoyin cuta daga wanda ba a taɓa ba. Hannunsa yana da sauƙi, yana shafa maganin kashe zafi a dasashi kafin allura, kuma yana faɗa mata abin da zai yi kafin ya yi. Bayan aiki haƙoran sun yi mata tsami da ruwan randa na ɗan lokaci, dasashin kuma ya ɗan janye har haƙoran gaba suka yi kamar sun ƙara tsawo, kuma duk wannan ya riga ya gargaɗe mu da shi, saboda haka bai tayar wa kowa da hankali ba.

Na sa ido sosai a kan tsabtar kayan aiki, domin a ɗakin da ake zubar da jini kullum, ciwon hanta yana iya bin ƙarfe daga baki zuwa baki. Kayan suna zuwa ne a cikin leda a rufe, a gabanmu ake yage ta, kuma tukunyar turara kaya da tururi mai matsi tana nan a ɗan ɗakin da ke gefe, ana ganinta tana aiki. Suna canza safar hannu da bututun tsotse yawu ga kowane mutum. Suna da tankin ruwansu, wanda a garin nan ba ƙaramin abu ba ne, da kuma batiran sola da ke riƙe fitila da kujera idan wuta ta ɗauke, sai dai injin iskar da ke tuƙa wasu na'urorin yana jiran janareto, kuma an taɓa tsayar da aiki yarinyar tana kwance baki buɗe har aka tayar da shi.

A ranar da aka gama kankarar ya rubuta mata amoksisilin da metronidazol, wanda jama'a suka fi sani da Flagyl, ta sha tare na mako guda, bayan ya tambaya ko ta taɓa yin ƙaiƙayi ko kumburi da maganin dangin penisilin. A nan ya yi wata magana da nake so duk uban da ke karanta wannan ya riƙe. Waɗannan magunguna biyu suna kan teburin kowane mai tallan magani a kasuwa, kuma da yawa daga cikinmu idan dasashi ya yi mugunya su muke saya, a sha kwana biyu, kumburi ya sauka, a ajiye. Ƙwayoyin cutar suna zaune ne a cikin wani yauƙi da suka manna a jikin saiwa, magani ba ya ratsa shi yadda ya kamata sai an farfasa shi da ƙarfe, saboda haka shan maganin ba tare da kankara ba yana kwantar da alama ne kawai, ƙashi yana ci gaba da tafiya, ƙwayoyin kuma suna koyon jure maganin. Metronidazol ya sa mata ɗacin ƙarfe a baki da tashin zuciya, ta kira lambar da suka ba mu, mataimakiyar ta amsa ta ce, "Ƙanwata, ki riƙa sha bayan kin ci abinci, kada ki tsaya sai ya ƙare." Amsa waya a irin wannan lokaci abu ne da na ƙidaya musu a cikin alheri.

Game da kula a gida, bai raina aswaki ba, kuma na ji daɗin haka, domin likitan da ya fara da kushe abin da mutane suka gada ba a cika jin sauran maganarsa ba. Ya ce aswaki yana tsabtace fuskar haƙori idan an iya riƙe shi, amma ba ya shiga tsakanin turame, kuma shi da burushi duka ba sa kaiwa gindin ramin milimita 7. Ya hana ta dirza gawayi da gishiri a dasashi, ya sa ta riƙa amfani da burushi mai laushi safe da dare, ya ba ta ruwan kurkure baki na kuloheksidin na mako biyu kacal, domin idan aka daɗe a kansa yana rina haƙora da harshe. Inda aka samu cikas shi ne ƙananan burusan da ake zurawa tsakanin haƙora, waɗanda ya ce su ne mafi muhimmanci a gare ta. Ya nuna mata yadda ake amfani da su da guda ɗaya da yake da shi, amma ba sa sayarwa, kuma na zagaya farmasi da dama ban samu ba sai da aka taho mana da su daga Kano. Wurin da ya san cewa maganinsa ya dogara da wannan ɗan abu ya kamata ya ajiye shi a kan teburin karɓar kuɗi.

Kuɗin ganin likita da ƙananan hotuna ba su fi ƙarfin mai matsakaicin hali ba. Kankarar ce mai nauyi, domin kowane ɓangare da kuɗinsa, kuma idan aka haɗa da babban hoto da gwajin jini da magani, abin zai girgiza albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Sun rubuta mana jimillar tun kafin a fara, ba su ƙara ko dala a kanta daga baya ba, sun kuma yarda a riƙa biya ɓangare-ɓangare, tare da rasit a kowane biya. Wanda ya ga tsadar sai ya tambayi kuɗin dasa haƙorin gaba guda ɗaya, ya kuma tuna cewa ba a dasa wa wanda ƙashin fuskarsa bai gama girma ba, kuma dashen ma yana buƙatar ƙashin da ciwon yake cinyewa.

Bayan kamar wata biyu ya sake awon da ma'aunin nan, yana kwatanta lambobin da na jadawalin farko. Jinin ya tsaya a kusan ko'ina, ramukan da suka kai 7 sun dawo 4 da 5, haƙorin gaba ya rage motsi. Bai yi mana alkawarin abin da ba zai yiwu ba. Ya ce ƙashin da ya tafi yawancinsa ba ya dawowa, ko da yake a jikin matasa wani ɓangare na ramin yakan cike, kuma tazarar gaban ba za ta rufe da kanta ba, gyaranta da wayar da ake ɗaura wa haƙora sai ciwon ya kwanta sosai, domin jan haƙori a cikin ƙashi mai ciwo ƙara ɓarna ne. Turmi ɗaya ya ce zai ci gaba da sa masa ido, idan ramin ya ƙi raguwa sai an buɗe dasashi an tsabtace, kuma ya faɗa a fili cewa wannan aikin zai fi son ya tura mu wurin ƙwararre a Yamai.

Babban ƙorafina yana kan abin da ya biyo bayan nan. Likitan da bakinsa ya ce mai wannan ciwo sai an riƙa duba shi duk wata uku, domin ƙwayoyin cutar suna sake mamaye ramukan cikin 'yan watanni, amma ɗakin ba shi da wata hanya ta tunatar da mutane. Ana rubuta ranar dawowa a bayan rasit, shi ke nan. Ba kira, ba saƙon waya, kuma da ranar ƙanin yarinyar ta wuce saboda ya tafi ƙauye hutu, babu wanda ya neme shi. Ciwon da ba ya zafi, ga jarrabawa, ga azumi, ga damina, ga kuɗin mota ga wanda ke zuwa daga Mirriya ko Matamaye ko Magariya, ba abin mamaki ba ne yara da yawa su ɓace bayan dubawar farko, kuma duk wahalar da aka sha ta tafi a banza. Lambobin wayarmu suna cikin littafinsu, saurayin da ke bakin ƙofa yana da lokacin da zai aika saƙo.

Akwai wasu ƙananan abubuwa. Ana ba da lokaci amma ba a cika kiyaye shi ba, mai randebu da wanda ya faɗo da ciwon haƙori duk layi ɗaya suke bi, ɗalibi yana iya rasa darasin yini guda. Duk takardun da ake ba mutum da Faransanci suke, har da umarnin shan magani, alhali bayanin baki da Hausa ake yinsa tsaf, kuma uwar da za ta kula da shan maganin a gida ba lallai ta iya karanta su ba. Ƙofar ɗakin aiki kuma labule ne, masu jira suna jin duk abin da ake faɗa, wanda bai dace da budurwar da ake tambaya game da warin baki ba.

Wata rana ina zaune aka shigo da yaro ɗan kamar shekara 4, ramamme, bakinsa yana wari, dasashinsa ya yi gyambo, uwar ta ce bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba. Likitan bai sa su a layi ba, bai karɓi kuɗinsu ba, ya duba shi nan take ya rubuta takarda ya ce su wuce asibiti a ranar. Wannan ba ciwon da nake magana a kansa ba ne, mafarin noma ne, cutar da ke iya cinye kumatu cikin kwanaki, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin cututtukan da aka yi watsi da su a watan Disamba na 2023, kuma ƙungiyar Sentinelles tana da cibiyar kula da masu ita a nan Zinder. Na kawo wannan ne domin iyaye su bambanta: gyambon dasashi da wari a bakin ƙaramin yaro mai tamowa ba ya kwana, shi kuwa ciwon matasan nan yana ba da watanni, amma ba ya ba da shekaru.

Ina ba da shawarar wannan ɗaki ga duk wanda ɗansa ko 'yarsa ke tsakanin shekara 11 da 20 da wani abu, aka ga sabuwar tazara a haƙoran gaba, ko haƙori ya turo ko yana motsi ba tare da faɗuwa ko bugu ba, ko jini yana biyo aswaki kullum, musamman idan a dangi akwai wanda ya yi giɓi tun yana saurayi. Wanda kuma zai je wani wuri daban, a Babban Asibitin Ƙasa na Zinder ne ko a ɗakin wani likita, ya nemi a auna zurfin dasashi da ma'auni a rubuta lambobin, a ɗauki hoton turame na farko da haƙoran gaba, a kuma duba sauran 'yan ɗakin. Idan ya zaɓi wannan da na yi sharhi a kansa, ya nemi kwafin jadawalin awon ya ajiye a gida, ya sayi ƙananan burusan tun kafin a fara kankara, ya kuma sa ranar dawowa ta wata uku a wayarsa da kansa, domin daga wurinsu ba za a kira shi ba.